Ni da faɗi-ka-mutun Inna

Assalamu alaikum jama'a, kwana biyu. Wasu na ta tambaya wai ina na shige, to ga ni, lahiya lau nike, hidima ce ta yi yawa ga kuma zahin Maradi da ba sai na ba ku labarinshi ba. Yau hirar wani abu zan maku wanda maigida ke kira "ciwon naki", wato tara tsoffin farantan tangaran. E, faɗi-ka-mutu dai da kunka sani. Ni ban taɓa jin sunan da ya dace da abu kamar wanga ba, duk wanda ya raɗa shi ya taɓa tsayawa bisa tarwatsattsen faranti shina salati.

Abin ya faro ne ranar da Inna ta ce a zo a kwashe kayan ɗakinta. Ba rasuwa ba ce, Inna na nan da ranta alhamdulillahi, ƙafa ce ta matsa mata sai yayanmu ya ce ta baro tsohon gida na Bagalam ta koma wajenshi unguwar Zariya, ta nan Maradi fa ba ta Najeriya ba. Ɗaki guda anka ware mata, kabad biyu da armuwar ba inda za su shiga. Munka taru mu huɗu mata, ta zauna bisa tabarma tana nuni da sanda, wance ɗauki wanga, wance ɗauki wancan. Kuloli da manyan tukwane kafin ka ce me sun samu masu su. Da anka zo kan tangaran sai kowa ta kama kallon rufin ɗaki. Yayata ta ce ita ɗiyanta ko kofin roba ba su bari da rai, ƙanwata kuma ta ce "Inna wa zai tsaya wahalar wanga, abin da ba a ci ciki ba a sha ciki?" Inna ba ta tanka ba, hannu kawai ta kai ta shafi bakin wani faranti mai ruwan zinariya, ni kuma bakina da bai iya shiru ba na ce a ba ni duka. Kwali uku. Cikin adaidaita na kai su gida, guda bisa cinya kamar jinjiri, duk ramin da yaron ya faɗa sai na ce wayyo Allah, har ya gaji ya waigo ya ce "Hajiya ƙwai ne?"

Sai da na zauna wanke su ɗaya bayan ɗaya ina kiran Inna ta salula ina tambaya, sannan na gane ashe kalandarta ce na kwaso. Inna ba ta yi lakwal ba, ka tambaye ta shekara da lamba ta ce kai ka sani, amma nuna mata kwano yanzu ta ba ka labari har da wanda ya rasu cikin watan da wadda ta haihu. Wanga langa da shi anka kai ta ɗaki, "damina huɗu kafin soja su kau da Diori", na zauna na lissafa, Kunce, sojan da ya kau da shugaba Diori, ya karɓi mulkin Nijar watan Afrilun 1974, ke nan 1970 anka yi armen Inna, abin da mu ɗiyanta ba wanda ya taɓa sani. Saitin shayi mai jan hure Baba ya sayo mata shi Kano "shekarar da ta gabaci El Buhari", yunwar 1984 ke nan, ta ce bayan nan wa ke ta tangaran, mata nawa cikin unguwa sunka sauke jerensu sunka kai kasuwa don tiya biyu ta hatsi, ita ma kwallaye huɗu ta saida amma saitin shayin ta ɓoye shi ƙarƙashin gado don kar idonta shi riƙa faɗawa kanshi. Farantai biyu masu hoton Ka'aba tsarabar Gwaggo ce da ta sauke farali. Sai wasu farare masu ɗan shuɗin hure a baki, su ne na ƙarshe da ta saya da kuɗɗin adashi "kafin kuɗɗi su lalace", tana nufin Janairun 1994 da anka karya darajar sefa da rabi, kayan Faransa sunka ninka, kowa ya juya ga na Najeriya da na Shinuwa, wato ƙasar Sin.

Wanda bai tashi ƙasar Hausa ba ba zai gane yadda mace za ta tara kwano ɗari ba ta ci cikin ko guda ba. Kakata ta wajen uwa da ƙorai anka yi mata jere can Tibiri, ƙwarya bisa ƙwarya cikin ragaya, da 'yan tasoshi. Zamanin su Inna kwanon sha da langa da fanteka sunka kori ƙwarya, da farko daga Turai da Hong Kong ake kawo su kafin a kafa masana'antunsu a Najeriya. Sannan tangaran ya shigo ya haye can saman kabad ya harɗe, sai ɗiyan masu hali. Mu lokacinmu kula ce da saitin gilas, na yanzu kuwa in kicin bai yi kama da na otel ba kamar ba a yi armen ba. Kuma kowa ya san jere asusun mace ne, in ta matsu ta zare guda ta kai ma dillaliya ba sai ta nemi izinin kowa ba, in ɗiyarta ta tashi arme ta rage daga nata ta ƙara mata.

Ɗiyata ta fari, wadda ke karatu jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ita ta koya mani kifa faranti in dubi gindinshi. Ta ce Mama duk labarin a nan shike. Kuma gaskiyarta. Saitin shayin nan na Kano da munka kifa buta sai ga "Czechoslovakia" rubuce, ƙasar da anka kafa 1918 ta kuma rabe biyu farkon 1993, yau ko a taswira ba ka ganinta amma butar shayinta na nan ɗakina ba abin da ya same ta. Haka in kin ga "W. Germany" kin san tsakanin 1949 ne da 1990 lokacin Jamus na rabe, in kuma kinka yi sa'ar ganin "Made in Occupied Japan" to na bayan yaƙin duniya na biyu ne, bai wuce 1952 ba. Tun daga ranar na zama abin dariya, in na je barka ko gaisuwa anka kawo mani ruwa bisa faranti sai hannuna shi riƙa ƙaiƙayi, in matar gida ta juya baya in ɗan ɗaga in leƙa.

Masu bakin zinariyan nan da Inna ta shafa su uku ne, gindinsu da koren tambari "Limoges France". Waɗannan ba ma nata ba ne tun asali, na surukinta ne, kakanmu na wajen uba, wanda ya yi aikin kuku gidan wani Bature na kamfanin sayen gujjiya lokacin da Maradi ke tashen gujjiya, bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa anka maido gari bisa tudu. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar mashi shidda. Guda Baba da kanshi ya fasa shina yaro, ya ce kashin da ya sha ranar har ya tsufa bai manta ba, biyu kuma ba wanda ya amsa laifinsu har yau.

Da ni ina zaton Limoj sunan kamfani ne, ashe gari ne a tsakiyar Faransa mai masana'antu da yawa, su Haviland da Bernardaud duk can suke, shi ya sa wani farantin za ki ga tambari biyu, na wanda ya gasa shi fari da na wanda ya yi mashi zane. Kuma su kansu Turawan koyo sunka yi. Tangaran na mutanen Sin ne, garin Jingdezhen shi ne cibiyarshi tun ɗaruruwan shekaru, farar ƙasar da ake yin shi da ita ma, kawolin, sunan wani tudu ne na kusa da garin, Gaoling. Turawa sun daɗe suna saye da tsadar tsiya suna ta gwaji abin ya ƙi. Labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na wani saurayi Bajamushe, Böttger, da ya cika baki wai zai iya maida ƙarfe marar daraja zinariya, sarkin Saksoni Ogustus ya ce madalla, ya sa anka tsare shi ya ce ba ka hita sai ka yi. Zinariya dai ba ta samu ba, amma shi da wani masani Tschirnhaus sunka dace da sirrin farin tangaran a 1708, anka buɗe masana'antar Meissen a 1710, mai tambarin takubba biyu shuɗɗa a gicciye. Faransawa su sai 1768 sunka tono irin wagga ƙasa a Saint-Yrieix kusa da Limoj, 1771 anka fara aiki. Mai takubban nan ban taɓa ganin shi Maradi ba, kuma in wani ya kawo maki shi a jikka biyar, wato sefa dubu biyar, ki ce mashi Allah shi kawo kasuwa, don kwaikwayon tambarin ake tun zamanin kakannin kakanninmu.

Sirrin kuwa ƙasa ce da wuta. Randarmu da tulunan Mirya da kara da itace ake gasa su, wutar ba ta kai ta toshe ƙofofin yumɓu ba, shi ya sa ruwa ke tsattsafowa ta jiki iska ta buga shi yi sanyi, wanda ni har gobe ruwan randa ya fi mani na firigo. Shi tangaran wutarshi ta haura digiri 1,200, wani har 1,400, sai ƙasar ta narke ta haɗe kamar gilas, ruwa bai ratsa shi, ƙarfi gare shi ƙwarai amma bai san lanƙwasa ba, in ya faɗi shi ke nan.

To yanzu ga wanda ya sa na zauna rubutun ga. Wata Juma'a da sahe na shiga babbar kasuwa neman zare, na bi ta wajen wani dattijo mai saida tarkacen Turai irin wanda ke zowa cikin kontena tare da bosho, wato gwanjo, tsoffin agogai, cokula, kofuna marasa abokai, duk a zube bisa buhu. Can ƙarƙashin wata tukunya na hango shuɗi. Na jawo, ɗan faranti ne bai kai tahin hannu biyu ba, shuɗi da fari kawai, an zana wasu tsuntsaye cikin ƙanƙara, a baki an rubuta "Jule Aften 1970". Na ce Baba nawa wanga, ya ce "Hajiya wanga ba na cin tuwo ba ne, juya ki gani, huda biyu gare shi a baya, na rataya ne, kawo jikka uku." Na taya jikka guda ya ce albarka, na yi kamar zan tahi alhali ƙafata ta ƙi ɗaguwa, shi ma ya gani, munka daidaita jikka da rabi.

Da dare ni da ɗiyata munka bi tambarin, hasumiya uku da B&G. Na ƙasar Danmak ne, kamfanin Bing & Grøndahl na birnin Kopenhagen, rubutun kuma da harshensu daren Nowel ke nan, jajibirin Kirsimeti. Su ne sunka fara wagga al'ada a 1895, mai kamfanin Harald Bing ya sa anka yi faranti 400 kacal masu hoton birnin kamar ana leƙensa ta tagar da sanyi ya daskare a jikinta, da shekara rubuce. Tun daga nan kowace shekara sabon zane, in shekara ta wuce a fasa abin zubin don kar a ƙara yin irinshi. Kamfanin Royal Copenhagen, mai tambarin igiyar ruwa uku, ya bi sahu a 1908, daga baya a 1987 sunka haɗe. Shuɗin nan launi guda ne tak, na kobal, inda anka so duhu a bar shi da kauri inda anka so haske a rage, sannan a rufe da ruwan gilas a gasa, shi ya sa shekara hamsin da wani abu bai koɗe ba. Ana cewa asalin abin masu gida ne ke ba barorinsu kayan daɗi bisa faranti lokacin bikin, barorin su cinye su rataye farantin a bango. Ni da na ji haka tuwon salla na tuna da ake aza ma yara su kai gidan maƙwabta, sai dai mu kwanon dawowa shike, in bai dawo ba a aika a karɓo har da ƙorafi.

Amma ni ba tarihin ne ya kama ni ba kamar lambar. 1970. Shekarar da anka kai Inna ɗaki. Washegari na naɗe shi cikin kallabi na kai mata, ta riƙe shi nesa da ido ta daɗe tana kallo sannan ta ce "waɗanga zabin mi ya samu wutsiyarsu ta yi tsawo haka?" Na ce Inna ba zabi ba ne, wasu kajin daji ne na can. "Farin nan fa?" Na ce ƙanƙara ce, haka take rufe masu gari. Ta ce Allah sarki, su kuma tasu jarabawar ke nan. Da na ce mata sa'an armenta ne, shekara guda da langarta, sai ta juya shi gaba da baya ta ƙwanƙwasa da farce ta ce "to shi ya fi ni jin daɗin duniya, ko tsaga babu." Munka yi ta dariya har matar yaya ta leƙo.

Kar wata ta ji wanga ta ce na tsinci dukiya. Na shekarun 1970 an yi su da yawan gaske don lokacin ne abin ke tashe har Amurka, yanzu jikoki na gado su rasa inda za su kai su, shi ya sa ma har ya gangaro cikin kontena ya iso gindin tukunya a Maradi. Masu tsadar su ne na farko-farko. Na faɗi haka ne don tun da mutane sunka ji ina saye ake ta turo mani hotuna, kowa da "na kakata ne, Bature ya taya miliyan ta ƙi". Yawancin abin da ke kabad ɗin uwayenmu in anka kai kasuwa bai sayen buhun shinkafa, gara ma kowa ya sani tun yanzu kar a yi faɗan gado a banza.

Wata maƙwabciyata da ta gan shi ta ce "ke kuwa farantin Nowel ɗakin musulma?" Ban ji haushi ba, tambaya ce mai kyau. Na ce mata ni ba bikin nike ba, kuma cikin jerin akwai masu hoton coci da makamantansu, waɗannan ko kyauta anka ba ni na bar ma masu su. Maigida shi kuma tsuntsayen ne bai so a rataye a bango inda ake salla, wanga ma na ga hujjarshi, don haka cikin armuwar shike zaune kusa da langar Inna. Abin da ya tsaya mani a rai dai shi ne dabarar, mutum shi ɗauki shekara shi gasa ta cikin wuta. Mu da zane muke yin haka, zanen 13 ga Mayu na ranar matan Nijar, zanen biki, zanen siyasa, kowa ya ɗinka a yi anko, to amma zane wanki goma ya koɗe, shekara uku ya zama tsumman goge kicin. Nawa ne cikinmu ke da wani abu a ɗaki yau da zai nuna ma jika cewa an yi Maradi Kwalliya, bikin ranar jamhuriya, a 2015?

Bari in ba ku labarin wautata kuma, don kar ku ce daɗi kawai nike ba ku. Wata mata a wani zauren saye da sayarwa na WhatsApp ta sa hoton saiti wai Limoj na asali, mutum goma sha biyu, ta ce tana Yamai. Hoto ya yi kyau, ni kuma kwaɗayi, ban ce ta kifa ta ɗauko mani gindin da kyau ba na tura kuɗɗi. Kaya sunka iso ta motar bus cikin kwalin taliya, ko jarida ba a sa tsakani ba, tun daga tasha nike jin ƙacau-ƙacau gabana na faɗuwa. Biyu sun fashe. Fasassun ne ma sunka tona asiri, don tangaran na gaske in ya karye cikinshi fari ne fat mai santsi kamar cikin wuri, wanga kuwa cikinshi ruwan ƙasa-ƙasa kamar biskit, na ɗiga ruwa ya shanye nan take. Tambarin kuma da farce na kankare shi. Na kira ta ce ai ita ma haka anka saida mata, na ƙara kira ta buloke ni. Maigida bai ce komi ba, wanda ya fi mani ciwo bisa ga da ya yi faɗa, kwana uku in ya wuce ta gaban kwalin sai shi yi gyaran murya.

Tun daga nan ba ni sayen abin da ban riƙa da hannuna ba. In na riƙa kuwa abu na farko in kunna fitilar salula in kanga a baya, na gaske haske na ratsa shi har ki ga inuwar yatsunki, na yumɓu kuwa duhu ƙirin. Sannan in aza shi bisa yatsu in ɗan buga bakin da farce ko zobe, lafiyayye ƙara shike kamar ƙararrawa ta ɗan ja, in kinka ji ƙwas kamar an buga katako to ko ba tangaran ba ne ko akwai tsaga da ido bai gani ba. Sai in bi bakin da yatsa ido rufe, yatsa ya fi ido gane ɓalli. Masu kaya sun san ni yanzu, in sunka hango ni sai su ce ga likitar faranti nan ta taho. Af, kuma farare masu shuɗin huren nan na Inna na kafin 1994, da na kifa su Arcopal na gani, wanda ba tangaran ba ne sam, farin gilas ne na garin Arques a arewacin Faransa. Ban faɗa mata ba. Mi zai ƙara mata?

Akwai wani kofi guda da ya tada ƙura gidanmu, sirit da shi kamar ɓawon ƙwai, an rubuta "Bone China England". Maigida ya ɗauke shi ya maida na shan shayinshi, har ranar da ɗiyata da bakinta bai da linzami ta ce Baba ka san da ƙashi anka yi shi? Kuma haka ne, wajen 1790 da 'yan kai wani Josiah Spode a garin Stoke-on-Trent na Ingila ya daidaita haɗin, kusan rabinshi tokar ƙashin shanu ce da anka ƙone ƙurmus, ita ke ba shi farin nan mai kama da madara da ƙarfi duk da rashin kauri. Maigida ya aje kofi a hankali ya ce shanun wa ya yanka su? Ni ba malama ba ce, kowa shi tambayi malaminshi, kofi dai ya koma cikin armuwar shi kuma ya koma ma kofin silbarshi.

Riƙon su a garin ga shi ne aiki. Lokacin hunturu ko kin rufe armuwar kin toshe da tsumma sai ƙura ta san hanyar shiga, kuma ƙurar nan yashi ce, in kinka goge a bushe kina kankare zinariyar ne da hannunki, sai dai a ɗauraye. Ni tawul nike shimfiɗawa cikin roba, ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu kaɗan, soso mai laushi, guda-guda, kuma ba ni ba kowa. Ban da soson ƙarfe, ban da toka, ban da jabel, wato bilic, wata 'yar aiki da na taɓa yi ta so ta burge ni ta jiƙa mani kofuna biyu cikin jabel, sunka hito fes ba datti ba zinariya. In za a jera a sa ƙyalle ko takarda tsakani don gindin na sama kaushi gare shi shina cin fuskar na ƙasa, kuma kar a tula sama da biyar ko shidda. Mai bakin zinariya bai shiga na'urar ɗumama abinci, tartsatsi zai yi. Sannan wata magana da ba wasa ba, tsoffin fentin da anka shafa bisa gilas ɗin, musamman ja da ruwan ɗorawa masu haske, wasu akwai dalma ciki, abu mai tsami kamar lemu ko tsamiya ko yaji da tumatir na iya jawo ta cikin abinci. In zane na tsakiyar faranti ne kuma kina jin tudunshi da yatsa, ko ya fara dusashewa, ko fuskar ta yi tsaga-tsaga kamar ƙasar fadama da rani, a bar shi na kallo, kar a zuba ma yara ciki.

Waɗanda zanensu ke baki kawai kuwa ina ci cikinsu, nan ne munka saɓa da Inna. Ita shekara arba'in tana gadin su ba ta taɓa kai loma daga ciki ba, ni kuma na ce sau biyu a shekara sai sun sauko, ƙaramar salla da babba. Ranar farko da na zuba mata shinkafa da miyar zabo cikin farantin surukinta ta ce in juye mata cikin kwanonta na kullum ita ba ta iya ci tana fargaba. Da ƙyar ta yarda. Tana ci tana riƙe da bakinshi da hannun hagu kamar zai gudu.

Kuma na kwaikwayi mutanen Danmak ta hanyata. Kowane faranti na manna mashi ɗan sikoc a gindi na rubuta da bik shekara da mai shi da abin da Inna ta ce, muryarta ma na ɗauka cikin salula tana ba da labarin kowane. Sannan tun ƙaramar sallar 2021, wato 1442, kowace salla nike sayen fari guda marar zane, ɗiyata ta rubuta shekarar ta boko da ta hijira a baya da abin da ya faru gidan, wanda ya samu bak, jarrabawar gama sakandare, wadda anka yaye, shekarar da anka rufe iyaka kaya sunka yi wuta. Ba su da kyan na Kopenhagen ko kusa, na Shinuwa ne na dala ɗari da hamsin, wato sefa 750.

Babbar sallar da ta wuce, rana ta biyu da ake rabon nama bayan an kwana ana gashi, gida cike da yara, na zuba romo cikin babban kwanon miya na saitin Kano mai jan hure na ce ma autana ɗauki marfin kawai ka biyo ni, marfin kawai fa. Ban kai ƙofar ɗaki ba na ji tas. Yaro ya tsaya ya ƙame hannu a sama ido ya cika, ni ma na ƙame, Inna ce daga bisa tabarma ta ce "kar ki taɓa shi, ubanki ma ya fasa, sunanshi ne ya bi shi." Na tsince gutsattsarin na ƙulle cikin leda, bakwai ne, na gwada gam bai yi kyau ba.

Don haka ga roƙona, musamman mutanen Katsina da Kano da Damagaram masu tsoffin kabad a gida. Marfi nike nema, fari, faɗinshi kamar taƙi guda, da jan hure uku da ganye kore, maɗaukinshi kamar ɗan ƙulli da zinariya a kai, gindin kwanon an rubuta Czechoslovakia. In akwai wadda nata kwanon ya mutu ya bar marfi maraya ta yi mani magana mu haɗa su, ko in saya ko mu yi musaya, ina da kofunan shayi biyu marasa zinariya da zan iya ƙarawa a kai. Kafin nan faifai na kifa mashi.